Jinyar Ɓeran Masar: Ba Da Magani Da Ciyarwa Da Sirinji

A cikin hunturun da ya wuce na je zagaye wani ƙauye inda ƙungiyar manoma ta raba wa mata ɓerayen Masar domin kiwo. Tun ban jingine babur ba wata dattijuwa ta tare ni, ta ce, "Malam, zo ka ga abin da ya same ni." Da na duba akwatinta sai na tarar da guda huɗu kaɗai, alhali kuwa tara na bar mata. Biyar sun mutu cikin mako guda.

Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce ɗaya ne ya fara atishawa yana majina, sai ta aiki jikanta kasuwa wurin mai magani. Aka ba shi kafso na ampisilin, ta buɗe ta zuba garin a cikin ruwan shansu duka, don kada sauran su kamu. Bayan kwana uku suka daina cin abinci, suka shiga zawo, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata, "Mama, ba murar ce ta kashe su ba, maganin ne." Ta riƙe baki. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, gama haka ta saba yi wa kajinta, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mata cewa wannan dabba dabam take. A cikin huɗun da suka rage akwai wata babbar mace wadda ta kwana biyu ba ta sa kome a baki ba. A kanta muka koyi abin da zan bayyana muku a nan.

Da fari ya kamata mu san dabbar da muke kiwo. Sunanta ɓeran Masar, amma ba ɓeran gida ba ce, ba kuwa daga Masar ta fito ba. Asalinta duwatsun Andis ne a Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ikwado, inda mutane suka yi dubban shekaru suna kiwonta domin nama. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200. Macen takan ɗauki ciki kwana 59 zuwa 72, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu galibi, da gashinsu, idonsu a buɗe. Abincinsa ciyawa ne, cikinsa kuwa an yi shi ne domin ciyawa. A cikin hanjinsa akwai wata babbar jaka cike da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne suke narkar masa da ciyawar. Muddin abinci yana wucewa, suna raye suna aiki. Idan abinci ya tsaya, hanji ya kwanta, iska ta taru, ciki ya kumbura. Akuya tana iya kwana biyu ba ta ci ba ta farfaɗo. Ɓeran Masar da ya yi awa 12 bai ci ba ya shiga hatsari, wanda ya yi awa 24 kuwa ransa yana hannun mai shi.

Wannan shi ne dalilin mutuwar dabbobin dattijuwar nan. Maganin ya kashe halittun kirki na cikin hanji, ya bar waɗansu mugaye waɗanda ba ya iya kashewa. Da suka sami fili sai suka yawaita, suka zuba dafi a cikin jiki. Saboda haka ku rubuta wannan ku manna a jikin akwati: kada a ba ɓeran Masar fenisilin, ko ampisilin, ko amoksisilin, ko ampikulos, ko eritromaisin, ko linkomaisin, ko a baki ko ta allura. Kafson nan da muke kira ja da yalo ma ku bar shi, sai fa in likitan dabbobi ne ya rubuta. Haka kuma garin maganin kaji da ake sayarwa a ƙaramar leda, gama sau da yawa akan haɗa irin waɗannan a ciki. Akwai magungunan da likitoci suke ba wannan dabba ba tare da wannan ɓarna ba, kamar Septrin na ruwa irin na yara, da enrofuloksasin. Amma likita ko malamin dabbobi shi zai faɗi wanda ya dace da yawan da za a ba, bisa ga nauyin dabbar. Akuya mai kilo 20 ta ninka ɓeran Masar mai giram 800 har sau 25. Wanda ya auna wa ɗan ƙaramin nan magani da ido, yana tunanin akuya, ya riga ya kashe shi.

Gane mara lafiya da wuri

Ɓeran Masar gwanin ɓoye ciwo ne. A daji duk wanda ya nuna kasala shi shaho yake fara ɗauka, don haka yakan daure har sai abin ya ci ƙarfinsa. Lokacin da ya fi kyau a duba su shi ne da safe sa'ad da aka zuba ciyawa. Masu lafiya sukan rugo suna kuka. Wanda ya tsaya a lungu, gashinsa a tsaye, idonsa a lumshe, shi za a ɗauka a duba. A ga ko haɓarsa ta jiƙe da yawu, ko akwai majina, ko numfashinsa yana ƙara, ko gindinsa ya ɓaci da zawo. A ware shi a kwali dabam a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, domin a iya ganin kashinsa. Kashin mai lafiya dogo ne, mai sulɓi, yana da yawa. In ya ƙanƙance, ko ya bushe, ko ya daina fitowa sam, abinci ba ya shiga yadda ya kamata. Ku lura fa, abinci yakan ɗauki wajen awa 20 kafin ya wuce cikinsa, watau kashin yau labarin jiya yake bayarwa.

Sikeli ya fi ido gaskiya. Ina ba kowace ƙungiya shawara ta sayi ƙaramin sikelin nan mai auna giram, irin na masu yin burodi, ya zauna a hannun sakatare, mai bukata ya ara. A auna mara lafiya kowace safiya kafin a ba shi abinci, a rubuta a takarda. In ya rage giram 50 cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da ake ba shi bai isa ba.

Akwai wata cuta da nake yawan gani da rani, wadda mutane suke ɗauka shanyewar ƙafa ce. Kusan dukan dabbobin gida jikinsu yana yin bitamin C da kansa, amma ɓeran Masar ba ya yi, kamar yadda mutum ba ya yi. Saboda wannan hali nasa ne ma waɗansu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka ga cutar rashin wannan bitamin a jikinsa a shekarar 1907, abin da ya buɗe hanyar binciken cutar a jikin mutane. Da rani, sa'ad da ɗanyen ganye ya ƙare aka koma ga dusa da harawa zalla, cikin mako biyu ko uku sai a ga dabba tana ɗingishi, gaɓoɓinta sun kumbura, dasashi yana jini, tana kuka in an taɓa ta. Tauna tana yi mata zafi, sai ta bar ci. Maganin wannan ba shi da tsada. Ƙwayar bitamin C ta miligiram 100 da ake samu a kowane kantin magani, a raba ta huɗu, a niƙe kashi ɗaya ko biyu, a dama da ruwa kaɗan, a ba shi da sirinji kowace rana. Kada a zuba a kwanon ruwan sha, gama haske da iska suna lalata shi da sauri, ɗanɗanonsa kuma yakan sa su ƙi shan ruwan. Kada kuma a ba da maganin bitamin mai haɗe-haɗe na yara a madadinsa, don sauran bitamin da ke ciki sun yi masa yawa. Da ya fara ci, yankan gwaiba ko tattasai mara yaji kowace rana ya wadatar.

Haɗa abincin

A Ingila da Amurka, inda ake ajiye wannan dabba a ɗaki don sha'awa, akwai garin jinya da ake sayarwa a leda, sai a dama kawai. Mu namu za mu haɗa, kuma yana aiki. A sami busasshiyar ciyawa mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba, a haɗa da ganyen harawar gyaɗa ko ta wake kaɗan, a daka a turmi lilis, a tankaɗe da rariya mai laushi. A ɗebi cokali biyu na garin, a ƙara rabin cokali na dusar masara ko ta alkama, da ɗan dafaffen kabewa da aka murje, domin ya kama jiki ya yi daɗin baki. A dama da ruwan da aka tafasa ya huce, a bar shi ya jiƙa minti goma. Kaurinsa ya zama kamar kunu mai ɗan kauri, wanda zai bi sirinji ba tare da ya toshe ba. Wanda yake da abincin zomo na kanti yana iya jiƙa shi ya yi amfani da shi, in ya tabbata ba a sa magani a ciki ba. Abincin kaji kam a'a.

Mutane da yawa sukan ce, me zai hana a ba shi koko ko madara, tun da su ake ba mutum mara lafiya? Koko gari ne zalla, ba shi da ƙaiƙayin da yake tura hanji, madara kuwa zawo take sa shi. Sukari ma haka. Abin da hanjinsa yake nema shi ne ciyawa, ko da a dake take. A dama sabo kowace rana, gama na jiya ya yi tsami.

Ga wani abu da zai ba waɗansunku ƙyama, amma yana da amfani. Ɓeran Masar yana da wani kashi mai laushi da yake ci kai tsaye daga jikinsa, ta haka yake mayar da halittun nan da waɗansu bitamin cikin hanji. Mara lafiya yakan kasa yin haka. Sai a ɗauki sabon kashin wani lafiyayye, guda ɗaya ko biyu, a dama da ruwa kaɗan a ba shi. In yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar awa biyu tsakani, don kada maganin ya kashe abin da aka ba shi nan take. Da na faɗa wa dattijuwar nan haka sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan ma a makaranta aka koya muku?" Amma ta yi.

Riƙo da ɗurawa

Sirinjin da ya fi dacewa shi ne ƙarami mai ɗaukar mililita 1, sabo, wanda ba a taɓa yi wa kowa allura da shi ba. A cire allurar a jefa a masai. Na abinci a yanke ɗan siririn bakinsa da reza domin kunun ya wuce, a goge wurin yankan a kan dutse har ya yi sumul, kada ya yanki baki. A ajiye wani dabam wanda ba a yanke ba domin magani da ruwa, gama in an yanke baki awon ya canza. Babban sirinji mai mililita 10 ko 20 yana da wuyar sarrafawa. Yakan cije, a ƙara ƙarfi, sai abinci ya fita gaba ɗaya.

A zauna a ƙasa a kan tabarma, don in ya zille kada ya faɗo daga bisa, ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. A naɗe jikinsa da tsohon zane, kansa kaɗai a waje, a ɗora shi a cinya, ƙafafunsa huɗu a ƙasa kamar yadda yake tsayawa kullum, bayansa yana jingine da cikin mai riƙo. Da hannu ɗaya a tallafi kansa, babban yatsa da manuni a gefen muƙamuƙi, ba a maƙogwaro ba. Ɓeran Masar yana da haƙora 20. Huɗu ne a gaba, bayansu kuwa akwai giɓi babba kafin a kai ga na tauna. Ta wannan giɓi ake shigar da sirinji, daga gefe, a tura shi kamar tsawon farcen yatsa, bakinsa yana duban kumatu, ba maƙogwaro ba. In ya fara tauna bakin sirinjin, an kai wurin. Sai a matsa kaɗan, kamar sulusi ko rabin sirinjin, a cire, a jira ya tauna ya haɗiye, kāna a sake.

A nan zan faɗi nawa kuskuren. Farkon wanda na taɓa ciyarwa, na kwantar da shi rigingine a hannuna kamar jariri, na matsa sirinji duka a lokaci ɗaya don ina sauri in tafi taro. Ya sarƙe, kunu ya fito ta hancinsa. Kashegari numfashinsa ya soma ƙara, ranar ta biyu ya mutu. Abincin ya bi hanyar iska ya shiga huhu. Wannan dabba ba ta iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Saboda haka in kun ga ya daina tauna, ko abinci yana zubowa daga bakinsa, ku dakata. Wanda ba ya haɗiya ba a yi masa ɗura. Haka kuma wanda cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada a ƙara masa kome, a nemi likita a ranar.

Babba wanda ba ya cin kome da kansa yana bukatar mililita 60 na kunun nan ko fiye a yini da dare, watau ƙaramin cokalin shayi 12. Ba a ba shi duka a zama ɗaya. Ranar farko mai yiwuwa ba zai karɓi fiye da mililita 5 a zama ba, sai a riƙa ba shi kowace awa biyu, har da tashi sau ɗaya da tsakar dare. In ya ɗan sami ƙarfi ya karɓi 10 zuwa 15, zama shida ya isa. Kowane zama yakan ci minti 20. Bayan kowane sirinji uku ko huɗu a ba shi ruwa mililita 1, a hankali ƙwarai, gama ruwa ya fi kunu saurin sarƙewa. In an gama a goge masa haɓa da tsumma mai ɗumi don kada fatar ta yi gyambo, a wanke sirinji, mai jinya kuma ya wanke hannu da sabulu. Waɗansu cututtukan zawo na dabba suna kama mutum, don haka kada a bar ƙananan yara su yi wannan aiki.

Magani ma ta wannan giɓi ake ba shi, kuma na fi so a fara da shi kafin abinci, tun dabba ba ta gaji ba. A girgiza kwalba, a ja daidai layin da likita ya nuna, a duba kada kumfar iska ta cinye wurin magani. In ƙwaya ce a niƙe ta tsakanin cokali biyu, a dama da ruwa kaɗan yadda za ta shiga sirinji ɗaya. Kada a zuba magani a cikin dukan kunun, domin in bai cinye ba ba wanda ya san nawa ya sha. In ya tofar da rabi kada a sake ba shi cikakke, a jira lokaci na gaba. A cika kwanakin da aka faɗa ko da ya warware, amma in ya soma zawo bayan an fara maganin, a tsaya a koma wurin likita. Ku tambaye shi kuma kwana nawa za a jira bayan magani kafin a yanka dabbar a ci.

Da hunturu mara lafiya ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, dabbar da ta yi sanyi kuwa hanjinta ba ya aiki. A cika kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma, a sa a gefe ɗaya na kwalin, yadda in zafi ya ishe shi zai matsa. Da bazara abin ya juya. Dabbar kan dutse ce, zafin da ya wuce digiri 30 yana iya kashe ta, don haka a ajiye kwalin a inuwa inda iska take wucewa, ba a ƙarƙashin kwano ba.

Ba kowane ne zai tashi ba, gara in faɗa muku. Haƙoran ɓeran Masar suna tsiro muddin ransa, taunar ciyawa ce take cinye su. Wanda aka daɗe ana ba shi dusa zalla, haƙoransa na tauna sukan yi tsawo har su rufe harshe. Za ku gan shi yana zuwa wurin abinci da marmari, ya ɗauka, ya yar, yawu yana zuba. Sirinji zai riƙe ransa, amma ba zai gyara haƙori ba, sai likita mai kayan aiki. Macen da ta daina ci ana saura mako ɗaya ko biyu ta haihu, musamman mai ƙiba, ita ma da wuya ta tsira ko an yi ƙoƙari. A ganina, in an yi kwana biyar ana ciyarwa sosai nauyi yana ta raguwa, babu kuma likita kusa, kada a bar dabba tana shan azaba. A kashe ta da sauri, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Ba a cin naman wadda ciwo ya kama. Amma uwa mai haihuwa da kyau, ko namijin da aka sayo don gyaran iri, sun cancanci wahalar mako guda, gama mace ɗaya tana iya haihuwa sau huɗu a shekara.

Duk lokacin jinyar, kada a raba kwalin da ɗanyar ciyawa mai laushi da ganyen dankalin Hausa, ko da ba ya taɓawa. Ganyen dankalin Turawa da albasa kam guba ne gare shi. Kafin kowane zama a miƙa masa tsinken ciyawa a baki a gani. In ciwon ba mai yaɗuwa ba ne, a ajiye kwalinsa inda zai ji kukan 'yan'uwansa, gama dabbar taro ce, ganin waɗansu suna ci yakan sa shi sha'awa. Ranar da ya soma ci da kansa kada a yar da sirinji nan da nan. A rage zama ɗaya kowace rana ana duban sikeli, in nauyi ya tsaya ko ya hau a ci gaba da ragewa, in ya sauka a mayar.

Macen dattijuwar nan giram 760 take ranar da muka fara. Dattijuwa tana ba ta da rana, jikanta mai shekara goma sha huɗu yana tashi da dare. Ta sauka zuwa 720 a rana ta uku, ta tsaya a nan kwana biyu. A rana ta shida yaron ya tarar ta ja ganyen dankali cikin lungu tana ci. Sauran ukun, ɗaya ya mutu, biyu sun warke da kansu bayan an zubar da ruwan maganin an wanke kwanon. Da na koma bayan wata guda na auna macen, ta kai 810, na ce su ƙara mata wata ɗaya tana hutawa kafin a haɗa ta da namiji.